Hanyar da Muka Cinye

Yau kam ku yi mini haƙuri, ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba. Wani abu ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da shi ko na samu sauƙi a zuciyata, wataƙila kuma wani ya ji ya kauce wa irin ramin da na faɗa. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ni mutumin Darna Sabon Gari ne, cikin ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato. Ga wanda bai san wajen ba, in ka taso daga birnin Shehu ka miƙi arewa, ka wuce Kware, ka wuce Gwadabawa, bayan tafiyar kilomita 80 da 'yan kai sai ga ka a Illela. Gaba kaɗan sai boda, kana tsallakawa ka shiga Birnin Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar. Ranar Lahadi kasuwar Illela ke ci, ranar Laraba kuma ta Ƙwanni, mu da muka tashi a tsakani ba mu taɓa ɗaukarsu kasuwannin ƙasashe biyu ba. Kwaltar da ta kawo ka kuwa ita ce babbar hanyar tarayya da ake kira A1, wadda ta taso tun daga Legas ta zo ta tuƙe a bakin iyakarmu. Albarkacin wannan kwalta muka ci, muka sha, muka yi karatu. Amma labarina na wata 'yar hanya ce da ba ta da suna, ba ta kuma cikin taswirar kowa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da gona a bayan gari. A gefenta na gabas akwai wani zirin fili mai faɗin taku 12 wanda tun da na yi wayo ban taɓa ganin an sa masa garma ba. Cikin gonarmu yake, kowa ya san haka, amma Baba ba ya shuka ko ƙwayar gero a ciki. Ranar Asabar da yamma ta nan shanu da tumaki ke bi ana kora su zuwa kara don kasuwar gobe. Da damina kuma ruwan da ya gangaro daga tudu ta nan yake bi ya faɗa fadama. Wata rana ina yaro, mun gaji da noma, na tambaye shi dalilin da ya sa muke asarar wannan wuri alhali zai ba da dami biyar ko fi. Ya dube ni ya ce, "Wagga hanya ba tamu ta ba. Ta bisashe ta, da ruwa, da waɗanda ba a haihwa ba tukuna." Na yi shiru, amma a raina na ce tsofaffi dai da son wahalar da kai.

Kwanci tashi gari ya yi ta matsowa. A ƙidayar 2006 an ce mutanen ƙaramar hukumar Illela sun haura 150,000, kuma duk wanda ya san wurin ya san yau an wuce nan nesa ba kusa ba. Ga fataken shanu, ga 'yan albasa, ga 'yan canjin sefa, ga direbobi da 'yan kamasho, kowa yana son ya samu inda zai kafa ɗaki kusa da kasuwa. A 'yan shekarun nan kuma matsalar tsaro ta koro mutanen ƙauyuka da dama na gabashin Sakkwato zuwa garuruwan da ke bakin kwalta. Gonakin da muka yi kiwon awaki a ciki suka koma unguwanni. Kafin Baba ya rasu gidaje sun riga sun iso kan iyakar gonarsa.

Bayan Inna ta fita takaba aka zauna rabon gado. Mu bakwai ne, maza huɗu mata uku. Shawara ta tsaya a kan a yanka gonar fulotai, kowa ya ɗauki rabonsa, a sayar da saura a biya bashi. Aka kira dillali, ya zo da igiyarsa da yaransa biyu da turaku. Abin da ake kira awon igiya ke nan, kuma mafi yawan sababbin unguwannin garuruwanmu da shi aka haife su. Ya auna ƙafa 50 a 100, ya sake aunawa, sannan ya ja ni gefe, da yake ni ne ɗan bokon gidan, malamin makaranta. Ya ce, "Malam, in aka rage wancan zirin ya koma taku huɗu, fuloti biyu za su ƙaru. Shanu ai sun daina bi ta nan. Taku huɗu ya ishi mutum da babur."

Mai karatu, ba zan ɗora wa dillali laifi ba, sana'arsa ya yi. Ni ne na yago takarda daga littafin rubutun ɗalibai, na sa rula na zana taswirar da hannuna, na kuma shawo kan 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya. Inna ce kaɗai ta yi magana daga bakin ƙofar ɗakinta, ta ce, "Ku bar ma mahaihinku hanyatai yadda yab bar ta." Na ce mata, "Inna, zamani ya canza." Ba ta ƙara cewa uffan ba. Da kasona na kuɗin fulotan nan biyu na sayi babur, na kuma ƙarasa kayan lefe.

Abin da ban lissafa ba a takardata shi ne halinmu. Taku huɗun da muka bari bai shekara biyu yana taku huɗu ba. Wanda ya sayi fulotin farko ya fitar da dakali. Na kusa da shi ya ga haka, ya haƙa sokawe a waje ya rufe da kankare. Wani ya ɓalle ƙofar shago ya kafa rumfa. Wani ya jibge yashi da bulo ya ce na wata ɗaya ne, har yau suna nan. Ba wanda ya ci da yawa, kowa ɗan taƙi ya gutsura, kuma ba mai bakin hana wani tunda kowa hannunsa da maiƙo. Mu da muka fara cin taku takwas a zama ɗaya, da wane ido za mu dubi mai dakali? A ƙarshe akwai kwanar da ko masu babur biyu suka haɗu sai ɗaya ya ja da baya.

A wannan lungu muka gina wa Inna ɗaki a rabon yayanmu, can ciki. Sai daminar 2020 ta zo, lokacin boda na rufe tun watan Agustan 2019, gari ya yi tsit, kowa aljihunsa a bushe. Wani dare aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shanu sun daina bin hanyar Baba, gaskiyar dillali, amma ba wanda ya je ya gaya wa ruwa cewa an sayar da hanyarsa. Ya gangaro daga tudu kamar yadda ya saba tun kafin a haife mu, ya tarar da gini, ya shiga neman mafita gida gida. Wajen ƙarfe biyun dare katangar ɗakin Inna ta jiƙe ta zauna, wani ɓangare ya faɗo mata a ƙugu.

Wani maƙwabcinmu mai mota, Allah ya saka masa da alheri, ya fito cikin ruwan nan ya tayar da ita. Amma ina, motar ba ta da ta inda za ta shigo. Ya tsaya can bakin lungu yana haska mana fitila. Ƙyauren ɗaki muka ɓalle muka shimfiɗa ta a kai, mu huɗu muka ɗauka, ruwa har gwiwa, muna lalube da ƙafa kada mu faɗa ramin sokawe. Da muka zo kwanar nan sai da muka karkata ƙyauren kafin ya wuce, ta yi wata ƙara da har gobe ina jin ta a kunnena. Tafiyar da ba ta fi ta minti uku ba da rana, ta ɗauke mu abin da na ji kamar shekara. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi, amma tun daga ranar sai da sanda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta taɓa buɗe baki ta ce "ai na gaya muku" ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Tun daga nan na shiga bin diddigin maganar fili da hanya, kamar mai neman wanda zai raba laifi da shi. Na kuwa samu, amma ban fita ba ni ma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni gwamna ke ba da takardarsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Dokar ta ba gwamnati ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta, diyyar da ta tanada kuma ta abin da ka ɗora a kan ƙasar ce, gini ko shuka ko itatuwa masu amfani. A 1992 aka sake yin dokar tsara birane da yankuna, wadda ta ce a samu hukumar tsara gari a matakin tarayya, da jiha, da kowace ƙaramar hukuma. Hanyar tarayya irin tamu kuma tana da huruminta, mita 45.72 daga tsakiyar kwalta zuwa kowane gefe. Don Allah duk wanda ya bi ta cikin garuruwan da ke kan wannan hanya ranar kasuwa ya auna da ido ya ga ko rumfuna da shaguna sun san da wannan lissafi.

Kai, ko kafin zuwan Bature ba a bar maganar nan sakaka ba. Malam Abdullahin Gwandu ya yi littafi sukutum a kan hukuncin mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi, kuma malamanmu na fiƙihu sun san hurumin gari da na rijiya da na hanya, wuraren da ba a yarda wani ya mallake shi kaɗai ba. Yana cikin ingantattun hadisai cewa in aka yi saɓani a kan faɗin hanya a bar zira'i bakwai, a zamanin da raƙumi da kayansa shi ne babbar mota. Baba bai karanta dokar 1978 ba, amma abin da ya gada daga wannan tarbiyya ya fi abin da na fito da shi daga kwaleji.

To me ya sa awon igiya ke cin kasuwa duk da waɗannan dokoki? Amsar ba ta da wuya. Igiya tana da araha, tana da sauri, kuma a gaban idonka ake yi. Talakan da ya gudo daga ƙauye da iyalinsa ba zai iya jiran shekaru yana zarya a ofis ba, kuma ya sha ganin in an yanka fili na hukuma, masu hannu da shuni ke rabe shi tun kafin a kafa allo. Ni kaina na taɓa zuwa wani ofishi neman a nuna mini taswirar inda aka tsara hanyoyin bayan garinmu za su bi, aka yi ta turani daga tebur zuwa tebur har na haƙura. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukuma ba ta zuwa lokacin da wuri yake gona, sa'ad da fitar da hanya bai wuce kuɗin safiyo da turaku ba. Sai an gina, an haihu, an binne cibiya, sannan a zo da jan fenti da katafila, a yi ta rigimar diyya, a rushe wa mutum abin da ya tara shekara ashirin yana ginawa. Hanyar da za a samu kusan kyauta sai a saye ta da tsada da hawaye, ko kuma a haƙura da ita har abada, unguwa ta zauna ba lambatu, ba inda motar kashe gobara za ta shiga, ba filin makaranta, ba na maƙabarta.

Ana nan sai ga babban labari. A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka tsara ta ratsa Sakkwato, Kebbi, Neja, Kwara, Oyo, Ogun har Legas. Tunanin yin ta ya daɗe, tun zamanin Shugaba Shehu Shagari ake maganarta. Daga Illela aka ce za ta taso, kashin farko kilomita 120 cikin jihar Sakkwato, kuma da kankare za a shimfiɗa ta. Mun yi murna, kuma murnar tana da dalili. Duk wanda ya taɓa ganin buhunan albasa sun ruɓe a bayan tirela saboda lalacewar hanya, ko shanu sun isa kudu a galabaice, ya san abin da hanya mai kyau ke nufi gare mu. Sai dai ni gabana faɗuwa ya yi. Babbar hanya mutane take jawowa, mutane kuma ɗaki suke nema, kuma injiniyoyin da za su zuba kankare ba aikinsu ba ne su fitar mana da lungunan da za mu bi mu hau ta. Tun kafin mu ga katafila, dillalai sun cika gari, kowa na rantsuwa ya san ta inda za ta bi, farashin gona ya tashi kamar gobarar daji.

Muna da sauran gona guda da ba mu raba ba, can gaba. Ƙanena ya kira taro. Shi ɗan kasuwa ne tsakanin Illela da Ƙwanni, rufe bodar da aka yi daga 2019 zuwa Disambar 2020 ya taɓa shi, wanda aka sake yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024 kuma ya ƙarasa cinye jarinsa. Yana da mata da 'ya'ya biyar. Da na ce a wannan karon sai an bar hanya mai faɗin mita 12 da wurin lambatu, ko da za a rasa fuloti uku, sai ya dube ni ya ce, "Yaya, kai kana da albashi ƙarshen wata. Ni mi gare ni? Kuma wa yaz zana ta farko in ba kai ba? Ka ci naka ka ƙoshi, yanzu da aka zo kaina ka zama mai wa'azi?" Wallahi ban samu amsa ba, don duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Wa'azin barin hanya yana da daɗi a bakin wanda tukunyarsa ke kan wuta.

Muna cikin haka sai muka ji ƙarar sanda. Inna ce ta fito, ta daɗe kafin ta iso inda muke, ba wanda ya iya cewa komai har ta zauna. Ta ce, "Nan dai kun riga kun cinye. Ranar da za a hitar da ni, sai an karkata makara a kwanar can, na sani. Can ko, ku bar ma ɗiyan wasu inda za su hitar da uwayensu a miƙe." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Yayarmu ta fashe da kuka. Ni kuwa na ce a cire biyu daga cikin fulotai ukun nan a rabona, ɗayan a raba asararsa tsakanin sauran. Ba alheri na yi ba, bashi na biya, kuma ban biya duka ba.

Muka ɗauko safiyo mai takarda, ya auna ya kafa ginshiƙan kankare. Muka je gaban hakimi aka rubuta cewa wannan hanya ta jama'a ce, ba a sayarwa, ba a gado, aka kuma sa wannan sharaɗi a takardar cinikin kowane fuloti. Muka dasa dogon yaro a gefe da gefe, don ginshiƙi ana iya tuge shi da dare, itace kuwa in ya girma sai an yi shawara kafin a sare. Na bi maƙwabtan gonar biyu ina roƙon su bar daidai wannan faɗi don hanyar ta zarce. Na kudu ya yarda. Na arewa ya ce sai ya yi tunani, daga baya na ga igiya a gonarsa. Don haka hanyarmu mai mita 12, in ka bi ta arewa, za ta kai ka ga katangar wani ta tsaya cik. Nan na gane iyakar abin da gida ɗaya zai iya. Tsara gari aikin hukuma ne da masu unguwanni da hakimai da uban ƙasa, su zauna tun wuri yana gona su ce nan hanya, nan magudanar ruwa, nan makaranta, nan burtali, sannan a bar mai igiya ya auna abin da ya rage. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙanena har yanzu gaisuwarmu ba ta wuce "ina kwana, lahiya lau" ba, ina kuma fatan wata rana zai huce. Kwanan baya na je duba itatuwan, na tarar awaki sun cinye huɗu, sannan wani ya tuge ginshiƙi ɗaya ya matso da shi ciki kamar taku guda. Ban tambayi ko wane ne ba. Na aro diga na mayar da shi inda yake, na san kuma ba wannan ne karo na ƙarshe ba.

Ɗan'uwa mai karatu, ko kana Illela ko Jibiya ko Maigatari, ko wata sabuwar unguwa a bayan Kano, in har akwai gonar gado da ake shirin yankawa a gidanku, don Allah kafin a kira mai igiya ka je wurin da damina ka tsaya ka ga ta inda ruwa ke bi. Ka kuma tambayi tsofaffin gidan ko akwai wani zirin da iyayenku suka ƙi nomawa, da dalilin da ya sa. Ni na tambaya tun ina yaro, an kuma ba ni amsa, amma sai da na ɗauki mahaifiyata a kan ƙyaure na fahimce ta.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba Inna lafiya, mu kuma ya raba mu da son zuciya. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.